Muhawara: Idan majalisa ta sauya wa gwamnatin jiha fifiko a kan lafiya, wa zai bi sawun kuɗin?

Malam Habu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata magana da nake so masu sani su warware mana. A ƙasashe da dama gwamnatin jiha, ko ta lardi, ko ta yanki, takan kai wa majalisar dokokinta tsarin abubuwan da za ta ba fifiko, na shekara guda ko na 'yan shekaru, sannan kasafin kuɗi ya biyo baya. Sai ka ji kwamiti ya zauna ya taɓa tsarin: an ɗago harkar lafiya daga ƙasa an kai ta sama, an zaftare kuɗin wani gini an ƙara wa ƙananan asibitoci, an saka sharaɗin cewa ma'aikatar lafiya ta riƙa kawo rahoto. Tambayata ita ce, suna da hurumin yin haka kuwa? Gwamna ne ya zagaya ya yi wa jama'a alkawari, shi za a tuhuma in abu ya lalace. Kuma ko da suna da hurumin, gyaran nan yana isa ga mara lafiya, ko a takarda yake tsayawa?

Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam. Malam, a takarda yake tsayawa. Yawancin majalisun nan 'yan amshin shata ne. Ranar da ka ga sun taɓa kasafi, duba da kyau, akwai abin da suka cusa wa kansu a ciki.

Barista Nura:
Malam Habu, maganar hurumi ba ta da wuyar amsawa. Asalin dalilin kafa majalisa ke nan: kada mai mulki ya taɓa dukiyar jama'a sai da yardar wakilansu. Ɓangaren zartarwa ne ke tsarawa ya kawo, majalisa ce ke amincewa. In ba ta da ikon cewa a'a, to amincewarta ba ta da wata ma'ana. A Najeriya, misali, sashe na 120 da na 121 na tsarin mulkin 1999 sun ce ba a cire kuɗi daga asusun jiha sai da dokar majalisa, sashe na 128 da na 129 kuma sun ba ta ikon bincike da kiran kowa ya zo ya yi bayani. In gwamna ya ƙi sa hannu cikin kwana 30, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa na iya mayar da ƙudirin doka ba tare da shi ba.

Inda ƙasashe suka bambanta shi ne iyakar gyaran. Wasu sun bar ƙofa a buɗe. Wasu sun ce majalisa na iya ragewa amma ba ta ƙarawa. Wasu sun ce in za ka ƙara wa wani fanni, sai ka nuna inda za ka rage daidai wannan adadin, don kada jimillar ta kumbura. Ni na fi gamsuwa da wannan na ƙarshen, domin yana tilasta wa ɗan majalisa ya faɗi abin da zai sadaukar. Kowa na iya tashi ya ce a ƙara wa lafiya. Wanda zai ce a ɗauko daga kuɗin tafiye-tafiyenmu, shi ne da gaske yake.

Malam Habu:
Na gode Barista. Amma alkawarin gwamna fa? Ba tauye masa haƙƙi aka yi ba?

Barista Nura:
Su ma ai zaɓensu aka yi, Malam. Kuma kowannensu ya fi gwamna kusa da mutanensa. Ba a ce su zama gwamnati ta biyu ba, amma tsara fifiko ba gadon mutum ɗaya ba ne.

Hajiya Rabi:
Salamu alaikum. Ni aikin jinya da unguwarzoma na yi har na ajiye. Ban san sashe kaza da sashe kaza ba, amma na san abin da ke isowa da abin da ba ya isowa. Shekara da shekaru muna jin an ware wa lafiya kaso mai tsoka, mu kuwa a ɗakin haihuwa safar hannu sai mai naƙuda ta zo da ita. Maganin tsayar da zubar jini yana buƙatar sanyi, firji kuwa ya mutu, babu kuɗin gyara. Gini kam ana yi. Sai a gina sabon ɗaki, a yi masa fenti, a zo a buɗe, a tafi, babu ma'aikaci ko ɗaya da aka ƙaro. Wanda yake wurin shi zai raba kansa biyu.

Saboda haka in majalisa za ta yi gyara, ni roƙona ta daina kallon jimilla. Ta buɗe cikin kasafin ta ga nawa ne na gini, nawa ne na magani, nawa ne na ɗaukar ma'aikata, nawa ne na man motar ɗaukar marasa lafiya. Mace ba ta mutuwa don bango bai sha fenti ba. Tana mutuwa ne don babu jini, babu mota, babu wanda zai karɓe ta da tsakar dare.

Likita Aminu:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin taɓo inda ke mana ciwo. Tun taron Alma-Ata na 1978 duniya ta yarda cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi, aka sake jaddadawa a Astana a 2018. Amma kasafi kullum babban asibitin birni yake bi, domin shi ake gani, shi ake ɗauka a hoto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2016 cewa ana buƙatar aƙalla likitoci da ma'aikatan jinya da ungozoma 4.45 ga kowane mutum 1,000 kafin a ce kulawa ta wadata. Wannan maganar albashi ce da horo, wato kuɗin da ake biya kowane wata. Ɗan siyasa kuwa ba ya son irin wannan kashe kuɗi, don ba a yanka masa ƙyalle.

Ɗanjuma:
To ai kun dawo kan maganata. In gwamna gini yake so, ɗan majalisa ma gini yake so, a mazaɓarsa, da sunansa a allo. Gyaran nasu bai wuce raba ginin gida-gida ba.

Zainab:
Yaya Ɗanjuma, ba ka yi ƙarya ba, amma ba kullum ba. Ga misali ɗaya da na tabbatar. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Shekaru suka wuce ɓangaren zartarwa bai saka shi a kasafi ba. A kasafin 2018 Majalisar Tarayya ce ta saka shi da hannunta, sama da naira biliyan 55. Wannan gyaran majalisa ne, kuma ba aikin mazaɓar kowa ba ne. Na san ta tarayya ce ba ta jiha ba, amma ya nuna abin yana yiwuwa in an matsa musu lamba. Ƙungiyoyin farar hula da ma'aikatan lafiya sun daɗe suna bin wannan magana kafin a kai ga haka.

Ɗanjuma:
Na ji. Kuɗin sun fita a shekarar?

Zainab:
An samu jinkiri sosai kafin su fara isa asibitoci. A nan kam ka kama ni.

Akanta Shu'aibu:
To bari in shigo, domin nan ne gizo ke saƙar. Na yi aiki a baitulmali, kuma abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, kasafi izini ne, ba umarni ba. Majalisa ta ce an yarda a kashe har zuwa kaza. Ba ta ce dole a kashe ba. Tsakanin adadin da ke cikin littafi da maganin da ke kan kanta akwai matakai: a ba da takardar izinin kashewa, a samu tsabar kuɗin a asusu, a ba da kwangila, a kawo kaya, a biya. A kowane mataki abu na iya tsayawa.

In kuɗin shiga suka gaza abin da aka yi hasashe, kuma sau da yawa da gangan ake kumbura hasashen don kowa ya ga sunansa a kasafi, to sai a koma rabon abin da ke hannu. A nan wani ɗan ƙaramin kwamiti ne a ɓangaren zartarwa ke yanke wa za a ba, wa zai jira. Albashi zai fita, bashi zai fita, aikin da mai girma ke so zai fita. Kuɗin gudanar da ƙananan asibitoci su ne ke jira. Ka ga ke nan fifikon gaskiya ba a zauren majalisa aka tsara shi ba, a teburin sakin kuɗi aka tsara shi. Ga kuma karkatar da kuɗi daga wannan layi zuwa wancan a tsakiyar shekara, ga ƙwarya-ƙwaryar kasafi da ake kawowa a gurguje a amince cikin kwana ɗaya. Da waɗannan biyun ana iya warware duk gyaran da majalisa ta yi ba tare da kowa ya lura ba.

Don haka in ka ji an ce majalisa ta ɗaga kason lafiya, tambaya ta gaba ita ce: a ƙarshen shekarar da ta wuce, kashi nawa na abin da aka ware aka saki? In rabi aka saki, to ƙarin da aka yi bana ba shi ne labari ba.

Malam Habu:
Akanta, wannan bayani ya buɗe mini ido. To kashi 15 ɗin da ake ta faɗa fa?

Likita Aminu:
Wannan alkawarin shugabannin Afirka ne a Abuja, a watan Afrilun 2001, cewa kowace ƙasa za ta ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinta ga lafiya. Ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cika shi. Ni ina goyon bayan a samu irin wannan ƙa'ida a dokar jiha, don ta zama katanga. In babu adadi a rubuce, lafiya ce farkon abin da ake yanka.

Akanta Shu'aibu:
Likita, a nan zan ɗan saɓa maka. Adadi kaɗai yana koya wa ma'aikata dabara ne. Ka ce kashi 15, sai a kwaso duk abin da ke da ƙamshin lafiya a zuba a ƙarƙashinsa: hanyar da ta bi ta gaban asibiti, motocin manya, fanshon tsofaffin ma'aikata. A takarda an cika, a ɗakin Hajiya Rabi babu abin da ya canza. Indonesiya ta yi dokar lafiya a 2009 da ta wajabta wa gwamnatocin yankuna ware kashi 10 cikin 100, ban da albashi. A 2023 suka yi sabuwar doka suka cire wannan wajabcin, hujjar gwamnati ita ce kuɗi su bi shiri da sakamako. Likitoci da yawa a can sun yi adawa da cirewar, ban ce an yi daidai ba. Ina nuna maka ne cewa adadin bai kashe gardama ba.

Barista Nura:
Ku biyun kuna da gaskiya, kuma akwai ƙasar da ta bi ta wannan rami ta fito, wato Brazil. A 2000 suka gyara tsarin mulki, aka ɗora wa jihohi kashi 12, ƙananan hukumomi kashi 15 na kuɗin harajinsu. Abin da Akanta ya faɗa shi ya faru, aka riƙa cusa abubuwan da ba lafiya ba a cikin lissafi. Sai a 2012 suka yi wata doka da ta zayyana ɗaya bayan ɗaya abin da za a ƙirga a matsayin kashe kuɗin lafiya da abin da ba za a ƙirga ba. Fansho ba ya ciki, kwashe shara ba ya ciki. Abin da ya fi burge ni a dokar shi ne, ta wajabta wa shugaban harkar lafiya na kowane mataki ya je zauren majalisarsa sau uku a shekara, a watan Mayu da Satumba da Fabrairu, a zaman da kowa zai iya halarta, ya baje abin da aka kashe, daga ina kuɗin suka fito, da ayyukan da aka yi. Tun 1990 kuma suna da majalisun lafiya na jama'a waɗanda rabin kujerunsu na masu zuwa asibiti ne, ba na ma'aikata ko jami'an gwamnati ba.

Ga irin gyaran da nake so majalisar jiha ta yi. Adadi, da ma'anar adadin, da ranar da za a zo a yi bayani. In ɗaya ya ɓace a cikin ukun nan, sauran biyun ba za su tsaya ba.

Ɗanjuma:
Barista, Brazil ɗin da ka yaba, ba a can ne 'yan majalisa suka mamaye kasafi ba?

Barista Nura:
A can ne. A 2015 suka mayar da kuɗin da kowane ɗan majalisar tarayya ke warewa ya zama dole a saki, da sharaɗin rabinsa ya tafi lafiya. Daga baya aka ɓullo da wata hanyar da ba a sanin wane ɗan majalisa ne ya nemi a tura kuɗi ina, har jama'a suka sa mata suna kasafin sirri, kotun ƙolinsu ta soke ta a Disambar 2022. A Filifin ma kotun ƙoli ta soke asusun ayyukan mazaɓu a 2013 bayan badaƙalar da aka bankaɗo. A Kenya kotun ƙoli ta yanke a 2022 cewa dokar asusun mazaɓu ta 2013 ta saɓa wa tsarin mulki. Dalilin duk kusan ɗaya ne: wanda aikinsa sa ido ne, in ya zama shi ke zaɓen aiki da ɗan kwangila, wa zai sa masa ido? Damuwarka tana kan hanya, Ɗanjuma. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce saboda haka a bar wa gwamna komai.

Alhaji Musa:
Jama'a barkanku da muhawara. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Na yi aiki a matsayin sakataren kwamiti a majalisa, kuma ina so in faɗi wani abu don adalci. Kwamitin lafiya yakan samu kundin kasafi mai ɗaruruwan shafuka, a ce ya kawo rahoto cikin 'yan kwanaki. Babu masanin tattalin arziki a tare da shi, babu mai lissafi, alƙaluman da zai yi aiki da su ma daga ma'aikatar da zai bincika suke fitowa. In zai fita duba asibitoci, wani lokaci ma'aikatar ce ke ba da mota da masauki. Ta yaya za ka tsare wanda ya ɗauke ka a motarsa? Majalisar da ke jiran gwamna ya sakar mata kuɗin gudanarwarta ba za ta iya ɗaga murya ba. Shi ya sa cin gashin kan majalisa a harkar kuɗi, da ofishin nazarin kasafi nata na kanta, suke cikin maganar lafiya ko da ba a ambaci asibiti ba.

Amma fa akwai makamin da ba ya buƙatar ko sisi, wato tambaya a zauren majalisa. Ku tuna abin da ya faru a lardin Gauteng na Afirka ta Kudu. Ma'aikatar lafiyar lardin ta soke kwangilar wata cibiyar kula da masu taɓin hankali, Life Esidimeni, da sunan rage kashe kuɗi, aka kwashe marasa lafiya sama da 1,000 aka rarraba su ga ƙungiyoyin da ba su da kayan aiki ko ƙwarewa. Iyalai sun yi ta kuka ba a saurare su ba. A watan Satumbar 2016 wani ɗan adawa ya yi tambaya a majalisar lardin, dole kwamishinar lafiya ta amsa cewa mutum 36 sun mutu. Daga nan bincike ya tashi, rahoto ya fito a Fabrairun 2017, kwamishinar ta yi murabus. Adadin waɗanda suka rasu ya kai 144. Abin da ke ci mini rai shi ne, wannan shawara ta tsimin kuɗi ce, irin wadda ya kamata kwamiti ya tsare tun kafin a aiwatar: ina za a kai su, wa ya duba wuraren, nawa za a kashe wa kowane mutum? Tambayar ta zo, amma bayan an fara binne mutane.

Hajiya Rabi:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhaji, waɗannan bayin Allah ba su da bakin kare kansu, shi ya sa aka fara da su. Haka abin yake ko'ina. Mai taɓin hankali, da mace mai ciki a ƙauye, da jariri, ba sa zuwa zaman jin ra'ayin jama'a.

Zainab:
Mama Rabi, wannan ya kawo ni kan abin da nake ta son faɗa. Rahoton da aka kai wa majalisa kawai bai isa ba, sai an kafe shi inda mutane za su gani. A Uganda an bi sawun kuɗin gudanar da makarantun firamare na 1991 zuwa 1995, aka gano kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa makarantun. Gwamnati ta fara buga abin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu, aka ce makarantu su manna nasu a allo. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. A Chadi irin wannan binciken a fannin lafiya ya nuna ƙasa da kashi 1 cikin 100 na kuɗin gudanarwar ma'aikatar, ban da albashi, ke kaiwa ga ƙananan asibitoci. In da majalisa za ta saka layi ɗaya a dokar kasafi, cewa kowane asibiti ya manna abin da aka turo masa da ranar da ya iso, da ta yi aikin da ya fi ƙarin biliyoyi a takarda.

Likita Aminu:
Zainab, ina tare da ke, amma kada mu ɗora wa jama'a nauyin da ba nasu ba. A Ugandan dai an gwada haɗa mutanen gari da ma'aikatan asibiti su riƙa bin diddigin aiki a cibiyoyi 50, sakamakon farko ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Da aka sake gwadawa bayan shekaru a cibiyoyi sama da 300, ba a ga irin wannan raguwar ba. Abin da na fahimta shi ne, mutanen gari na iya sa ma'aikaci ya zo aiki a kan lokaci, ya kuma daina yi musu tsawa. Ba za su iya sa baitulmali ya saki kuɗi ba. Kuma ina tsoron a manna takarda a bango, mutane su ga an ce an turo kuɗi, su far wa ma'aikaciyar jinya alhali kuɗin a sama suka maƙale.

Hajiya Rabi:
Wallahi Likita ka faɗi gaskiya, mu ne a gaba, mu ake zagi. Amma ni na fi son a manna. In an rubuta ranar da kuɗi suka iso, a rubuta har da watannin da ba su iso ba. Wannan zai wanke mu.

Akanta Shu'aibu:
Daidai, Hajiya. Kuma akwai ɗaya ƙarshen igiyar da ba mu taɓa ba, rahoton babban mai binciken kuɗi. Shi ne ke faɗin abin da aka yi da kuɗin a zahiri. A wurare da yawa yakan fito bayan shekara biyu ko uku, lokacin kwamishinan ya tafi, babban sakataren ya yi ritaya. In ya fito ma, kwamitin bin bahasin kuɗin gwamnati ba ya zama a kansa. A Ingila an kafa irin wannan kwamiti tun 1861, kuma bisa al'ada ɗan adawa ne ke shugabantarsa. Indiya ma ta bi wannan tun 1967. Hikimar a fili take: ba ka ba ɗan jam'iyyar gwamna aikin tono laifin gwamna. Kenya kuma ta ƙara wani abu a tsarin mulkinta na 2010, wanda ya miƙa yawancin harkar lafiya ga gundumomi 47: ofishin mai kula da kasafi, wanda sai ya amince kafin a cire kuɗi daga asusun gunduma, kuma yana buga rahoton yadda kowace gunduma ta kashe. Bai hana matsala ba, likitocinsu sun yi yajin aiki na kwana 100 daga ƙarshen 2016. Amma aƙalla mai son sani yana da inda zai duba.

Ɗanjuma:
Duk na ji, kuma na ƙaru. Amma har yanzu tambayata tana nan. Majalisar da jam'iyya ɗaya ta cika, wadda gwamna ne ya ba kowa tikiti, me zai sa ta ɗaura wa kanta da shi wannan igiya?

Alhaji Musa:
Ba za ta yi don Allah-Annabi ba, sai in ta ga riba ko ta ji tsoro. Abin da na gani da idona shi ne, ɗan majalisa ya fi jin maganar da ta fito daga mazaɓarsa da hujja a hannu. In aka ce masa lafiya ta lalace, zai gyaɗa kai. In aka ce masa asibiti kaza an ware masa kaza a shafi kaza, wata tara babu abin da ya iso, ga sa hannun shugaban kwamitin asibitin, kuma gobe za a karanta a rediyo, to zai nemi kwamishina a daren. Kuma lokaci yana da muhimmanci. Mutane kan taso bayan an sa hannu a kasafi. Lokacin da ake iya canza abu shi ne tun ana muhawara kan takardar tsarin fifiko, watanni kafin kasafin, sa'ad da ake yanka wa kowace ma'aikata iyakar abin da za ta nema. In aka wuce nan, sauran kwaskwarima ce.

Malam Habu:
To Barista, in da za a ba ka alƙalami ka rubuta gyara ɗaya tak a dokar kasafin jiha, me za ka rubuta?

Barista Nura:
Zan rubuta cewa kuɗin gudanar da ƙananan asibitoci da na magani suna cikin abin da ake fara cirewa, kamar albashi, a tura su kai tsaye asusun kowane asibiti duk wata uku. Ba a karkatar da su sai da ƙudirin majalisa a zaman fili. Kwamishinan lafiya da na kuɗi su bayyana gaban majalisa cikin kwana 30 bayan kowane wata ukun, da jerin abin da aka saki asibiti-asibiti, a kuma buga jerin a intanet. In ba su zo ba, a dakatar da sakin kuɗin gudanar da ofisoshinsu har sai sun zo.

Akanta Shu'aibu:
Layin ƙarshen nan shi ne zai sha suka, kuma shi ne mai aiki. Sai dai ka ƙara da cewa hasashen kuɗin shiga kada ya wuce abin da aka tara a zahiri a shekarun baya da wani ƙayyadadden kaso, in ba haka ba za su ce kuɗin ne babu.

Ɗanjuma:
Gwamna ba zai sa hannu a kan wannan ba.

Barista Nura:
Wataƙila. Sai a ga ko akwai kashi biyu cikin uku, kuma a yi ƙuri'ar da kiran suna, kowa ya san inda wakilinsa ya tsaya.

Hajiya Rabi:
Barista, ka ƙara mini abu ɗaya. A jerin da za su kawo, a saka yawan ma'aikatan da ke kowane asibiti, da ko akwai mai kwana a ɗakin haihuwa. Kuɗi na iya isa asusu alhali ƙofa a kulle take da dare.

Zainab:
Na kwafe duka. Zan haɗa su a takarda ɗaya in saka a nan gobe in Allah ya kai mu, duk mai gyara ya yi. Alhaji Musa, don Allah ka taimaka mana da yadda ake rubuta takardar koke zuwa ga kwamiti, da wanda ake miƙa wa, don kada ta ɓace a hanya.

Alhaji Musa:
Ba damuwa 'yata. A rubuta wa shugaban majalisa ta hannun magatakarda, a ba shugaban kwamitin lafiya da na kasafi kwafi, a tabbata an buga hatimin karɓa a kwafin da za ku riƙe. Ku nemi ɗan majalisa ɗaya da zai gabatar da ita a zauren, domin in ta shiga kundin zaman majalisa, dole a tura ta ga kwamiti. Zan turo samfurin da daddare.